Shaidu Goma, Baki Ɗaya: Nazari a kan Yadda Ɗalibanmu Suke Tattara Tarihin Ikkilisiya

Kowace shekara, idan lokacin duba kundayen 'yan ajin ƙarshe ya zo, nakan tarar da yawancin abin da aka ajiye a teburina a kan tarihi ne: yadda bishara ta shiga gunduma kaza, yadda aka kafa majami'a kaza, rayuwar Baba wane da hidimarsa. Wannan abin farin ciki ne. Tsofaffin da suka ga farkon aikin suna ƙarewa, kuma in ɗalibanmu ba su rubuta ba, babu wanda zai taso daga wata ƙasa ya rubuta mana labarin kowane ƙauye. Sai dai akwai wata cuta da ta kama irin waɗannan rubuce-rubuce, kuma ba a makaranta kaɗai take tsayawa ba, takan bi mutum har kan mumbari.

Na taɓa duba kundaye uku na ɗalibai uku 'yan gunduma ɗaya, waɗanda suka gama a shekaru daban-daban. Kowannensu ya jera manazarta fiye da goma a ƙarshen aikinsa. Dukansu sun ce wani Bature ne ya kafa ikkilisiyar garin, sun kuma ba da shekara ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne, su ukun sun rubuta sunan wani ƙauye da kuskure iri ɗaya, harafi guda ya faɗi a wuri guda. Mutum uku da suka san sunan ƙauyen nan tun suna goye ba za su yi tuntuɓe da dutse ɗaya ba sai in hanya ɗaya suka bi. Da na bi sawu, sai na ga na uku ya kwafa daga na biyu, na biyu daga na farko, na farko kuwa daga ƙasidar bikin cika shekara hamsin da kwamiti ya haɗa a gurguje. Ita ƙasidar ba ta faɗi inda ta samo labarinta ba.

Daga baya wani ɗalibi ya ɗauki wahalar zuwa garin. Ya buɗe rajistar baftisma, ya zauna da matar mai bishara na farko, tsohuwa tukuf. A nan ya gane cewa Baturen ya zo ne ya yi wa mutane baftisma, mutanen da wani ɗan garin ya daɗe yana koya musu karatu da addu'a a ƙofar gidansa, bayan ya dawo daga aikin kuza. Sunan mutumin nan bai fito ko sau ɗaya a kundayen uku ba.

Mizanin da Littafi Mai Tsarki ya ba mu

Ba sai mun je aro wurin malaman jami'a ba kafin mu san wannan kuskure ne. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta hana a tabbatar da magana a kan shaidar mutum guda. Dole a sami biyu ko uku. Ubangiji Yesu ya ɗauko wannan ƙa'ida a Matiyu 18:16, Manzo Bulus ma ya yi aiki da ita a 1 Timoti 5:19. Amma mu tuna da Nabot a 1 Sarakuna 21. Mutum biyu ne suka tsaya suka ba da shaida a kansa, lissafin shari'a ya cika, aka jajjefe shi. Duk da haka wasiƙun Yezebel ne suka sa musu magana a baki. Shaidu biyu ne a ido, a gaskiya kuwa baki ɗaya ne. Saboda haka ƙirga shaidu bai isa ba, sai an tambayi inda kowannensu ya samo abin da yake faɗa.

Luka ya nuna mana yadda ake yi. A farkon Bishararsa ya bayyana wa Tiyofalas cewa ya san rubutun waɗanda suka riga shi, ya dogara ga abin da shaidun gani da ido suka miƙa, shi kansa kuma ya bi diddigin al'amuran tun daga tushe kafin ya tsara su. Marubucin 1 Tarihi 29:29 ya ambaci rubuce-rubucen Sama'ila da Natan da Gad, domin mai son ƙarin bayani a kan Dawuda ya san inda zai nufa. A Ezra 5 da 6, da gardama ta tashi a kan izinin gina Haikali, ba a kashe ta da rantsuwa ba. An bincika ma'ajiyar takardu a Babila, daga bisani aka sami umarnin Sairus a wani birni dabam na ƙasar Mediya. Hurarriyar Maganar Allah ba ta raina bincike ba. Mu da muke rubutu ba tare da irin wannan hurarwa ba, me zai sa mu ga mun fi ƙarfinsa?

Abin da kowace majiya take gani, da abin da ya ɓuya mata

Majiyoyin da ɗalibinmu zai iya kaiwa gare su sun kasu kusan gida biyar. Kowace tana da ido, kowace kuma tana da makanta.

Ta farko ita ce littattafan Turawan mishan. Rowland Bingham ya rubuta Seven Sevens of Years and a Jubilee, wanda ya fito a 1943 lokacin cikar SIM shekara hamsin. J. Lowry Maxwell, ɗaya daga cikin 'yan mishan na farko da suka iso Wase a 1904, ya rubuta Half a Century of Grace domin cikar SUM shekara hamsin. Likita Walter Miller na CMS ya fitar da Reflections of a Pioneer a 1936. Waɗannan mutane sun ga abin da suka rubuta, sun kuma riƙe kwanan wata da kyau, don haka ba a yi sai da su. Amma a lura da waɗanda suka yi wa rubutun. Masu karatunsu na can Ingila da Kanada da Amurka ne, masu addu'a da ba da gudummawa, waɗanda suke so su ji labarin 'ya'yansu da suka aiko. Shi ya sa Bature yake tsakiyar hoto, mai tafinta da kuku da mai bishara suna gefe, sau da yawa da sunan fari kawai, wani lokaci ma ba suna. Waɗanda aka naɗa fastoci, irin su Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot a 1938, sun sami shiga. Ɗaruruwan da suka bi ƙauyuka da ƙafa, da matansu, ba su samu ba. Kowa ya san sunan Miller a kan juyin Littafi Mai Tsarki na 1932. Ɗalibai nawa ne za su iya kawo sunan Bahaushe ɗaya cikin waɗanda suka zauna da shi suna auna kalmomi?

A nan ne ya kamata in taɓa littafin E. P. T. Crampton, Christianity in Northern Nigeria, wanda kamfanin Gaskiya ya buga a Zariya a 1975. Littafi ne mai kyau, ya tattaro Arewa gaba ɗaya cikin tsari, kuma ni ma da shi na fara. Matsalar tana ga yadda ɗalibanmu suka mai da shi sandar makaho. Mutumin da ya ɗauki Arewa duka ba zai iya ba garinku fiye da layi ɗaya ko biyu ba. Idan kundinka bai wuce wannan layi da ka shimfiɗa ya cika shafi biyar ba, ba ka ƙara wa ikkilisiya komai ba.

Ta biyu ita ce takardun gwamnatin mulkin mallaka, waɗanda yawancinsu suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Arewa House ma yana da nasa tarin. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, gwamnati ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakuna, kuma ko'ina mishan zai kafa tasha sai ya nemi izini. Wannan ya bar mana fayil-fayil masu ɗauke da takardar roƙo, da ra'ayin Di'o da na Razdan, da amsar sarki, wani lokaci har da zanen fili. A nan ne kuma ake ganin yadda aikin kutare ya buɗe ƙofa a ƙarshen shekarun 1930, a wurare irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Wajen kwanan wata da iyakar fili, da wuya a sami majiyar da ta fi wannan. Amma damuwar Di'o haraji ce da zaman lafiya. Ranar da ya sa hannu a takardar izini ba ita ce ranar da mutum na farko ya ba da gaskiya ba, kuma irin sunayen da yake kiran kakanninmu da su bai kamata ɗalibi ya kwashe su ya zuba a kundinsa ba tare da tacewa ba.

Ta uku ita ce takardun ikkilisiya kanta: rajistar baftisma da ta aure, littafin baiko, minit na zaman dattawa, wasiƙun canjin ma'aikata. Abin mamaki, wannan ita ce majiya mafi kusa da ɗalibi, ita ce kuma wadda ya fi tsallakewa. Littafin baiko kaɗai yana iya nuna shekarar yunwa, da shekarar da aka rabu, da shekarar da aka fara tara kuɗin kwano. Ita ma tana da makantarta. A wurare da dama an riƙa jinkirta baftisma shekaru, sai mutum ya gama aji, ya iya karatu. Mai mata fiye da ɗaya kuwa ba a yi masa. Don haka akwai masu bi na farko da suka ba da fili, suka sha duka saboda bangaskiya, amma sunansu ba ya cikin rajista. Sannan akwai gargaɗi: abin da ka gani a littafin horo amanar ikkilisiya ce. Jikokin mutumin suna nan a benci ranar Lahadi. Ba kowane abin da ka gano ba ne za ka buga da suna.

Ta huɗu ita ce bakin tsofaffi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Su ne za su gaya maka dalilin da ya sa gida kaza ya karɓi bishara, gida kaza ya ƙi, da waƙar da aka fara rerawa da harshen garin, da wanda ya ɓoye mai bishara a rumbu ranar da aka zo korarsa. Babu fayil a Kaduna da zai ba ka wannan. Amma tsoho yakan haɗe shekaru goma ya mai da su damina ɗaya, kuma kowane ɗa yana so a ce mahaifinsa ne na farko. Inda ake gardamar sarauta ko ta fili, labarin da zai ba ka yana iya zama hujjar da yake shirya wa kotu. Maganin wannan sananne ne. Ka tambayi mutane ɗaya-ɗaya, kada ka tara su a zaure guda inda babba zai yi magana saura su gyaɗa kai. Ka ɗaure labari a jikin abin da aka san shekararsa: kafin zuwan Sarauniya a 1956 ne ko bayansa? An sami 'yancin kai na 1960? Ana yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970? An koma tuƙi ta hannun dama a 1972? An canja kuɗi zuwa naira a 1973? Ka je wurin iyayenmu na zumuntar mata, domin sau da yawa sun fi maza riƙe sunaye da dangantaka. Ka je gaida dagaci, da dattijo Musulmi, da wanda har yanzu yake kan addinin gargajiya. Sun ga abin daga waje, kuma Karin Magana 18:17 ta riga ta faɗakar da mu cewa mai fara kawo ƙara yakan yi kamar shi ke da gaskiya, sai an ji ɗayan. In da hali ka yi hirar da harshen da tsohon yake mafarki da shi, ka nemi izininsa kafin ka naɗi muryarsa a waya, ka rubuta ranar da wurin.

Ta biyar ita ce intanet. Ba na cikin masu tsine mata. Akwai Dictionary of African Christian Biography, inda ake karanta tarihin ɗaruruwan bayin Allah na Afirka kyauta, yawanci da sunan marubuci da madogararsa. Akwai tsofaffin littattafai da mujallu da a da sai mai kuɗin jirgi yake ganinsu. Amma a nan ne cutar shaidu goma baki ɗaya ta fi yaɗuwa. Shafi goma suna faɗin abu ɗaya domin tara sun kwafa daga ɗaya. Saƙon da ya zagaya WhatsApp sau dubu bai ƙaru da gaskiya ko ƙwaya ɗaya ba. Yanzu kuma ga manhajojin da ake yi wa tambaya su rubuto amsa. Na taɓa neman wani littafi da ɗalibi ya sa a manazartarsa, da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, na rasa shi ko'ina. Da na matsa masa, ya amsa cewa manhaja ce ta ba shi. Littafin bai taɓa wanzuwa ba. Ƙa'ida ɗaya ta isa: abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ka sa shi a manazarta.

Misali: yaushe aka fara?

Bari mu gwada da tambayar da ta fi kowace yawan fitowa. Idan aka ce yaushe aikin da ya haifi ECWA ya fara, wani zai ce 1893, shekarar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas. Gaskiya ne, amma a 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, Bingham ya koma gida ba tare da tasha ko ɗaya ba. Wani zai ce 1902, lokacin da aka kafa tashar farko a Patigi. Wani kuma zai ce 1954, da ikkilisiyar ta tsaya da sunanta. Duk ukun daidai ne, domin kowannensu yana amsa tambaya dabam. Haka ma 'yan'uwanmu na EYN suke riƙe da 17 ga Maris 1923, ranar sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida, alhali baftismar farko ta zo daga baya.

To, in haka abin yake ga manyan ɗarikoki da aka yi wa rubuce-rubuce, yaya ga majami'ar ƙauye? Ranar da mai bishara ya fara kwana a garin, ranar izinin fili, ranar baftismar farko, ranar da aka ba su matsayin ikkilisiya mai zaman kanta, kowace tana da majiyar da ta fi saninta. Ɗalibin da ya tarar majiyoyinsa sun saɓa kada ya firgita, kada kuma ya zaɓi wadda ta yi masa daɗi ya binne sauran. Ya shimfiɗa su a gaban mai karatu, ya faɗi wadda ya fi amincewa da ita da dalilinsa. Wannan saɓani shi ne wurin da ainihin aikinsa yake farawa. Mai son ganin yadda ake saƙa majiyoyi iri-iri ya duba aikin Barbara Cooper na 2006 a kan masu bi na yankin Maraɗi, inda ta haɗa takardun mishan da na gwamnatin Faransa da hira da mutanen wurin, ko aikin Farfesa Yusufu Turaki na 1999 a kan shekara ɗari na SIM da ECWA.

Uzurin ɗalibi, da laifinmu malamai

Na san abin da ɗalibi zai ce, kuma yana da hujja. Kuɗin mota zuwa Kaduna ba wasa ba ne ga mai iyali da yake karatu da taimakon ikkilisiya. Wasu hanyoyi ba sa biyuwa saboda rashin tsaro. Takardun CMS suna Jami'ar Birmingham a Ingila, na SIM da yawa suna Amurka. Majami'u da dama sun ƙone a rikice-rikice da rajistarsu a ciki, wasu kuma gara ta cinye a akwatin gidan fasto. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce sai ka kai ko'ina. Majiya uku da ba su san juna ba, tsohuwa ɗaya, rajista ɗaya, littafi ɗaya, sun fi manazarta talatin da suka fito daga ciki ɗaya. In ba ka sami wani abu ba, ka rubuta a fili cewa ka nema ba ka samu ba. Wannan ma bayani ne mai amfani ga wanda zai zo bayanka.

Mu malamai kuma kada mu wanke hannu. Mu ne muka ce kundi sai ya kai manazarta kaza, muka riƙa ƙirgawa maimakon aunawa. Mu ne muke ba da maki ga gyaran ruwan rubutu da kyan bango, ba mu tambayi ɗalibi ko ya taka ƙafa zuwa garin ba. Mu ne muka bar tsofaffin kundaye a ɗakin karatu suna haifar junansu. Shugabannin gundumomi su ma suna da nasu rabon: kwamitin ƙasidar biki da aka kafa saura wata ɗaya ba zai iya yin abin kirki ba, kuma abin da ya buga shi zai zama tarihi har shekara hamsin masu zuwa.

Abin da ya shafi mai kiwon garke

Wani zai ce wannan duk maganar makaranta ce. Ina roƙo ya sake tunani. Labarin da muka buga ba daidai ba yakan bar iyali guda da ciwon zuciya, suna zaune a biki ana yabon wani a kan aikin mahaifinsu. Yakan shiga gardamar fili ya kai 'yan'uwa kotu. Yakan koya wa yaranmu cewa bishara kayan baƙi ce, alhali kakanninsu ne suka ɗauke ta a ka daga ƙauye zuwa ƙauye. Kuma hannun da ya saba kwafar kundi ba tare da dubawa ba, shi ne zai kwafi wa'azi daga waya ranar Asabar da dare, shi ne kuma zai ji ƙarar mace a kan mijinta ya yanke hukunci bai ji ta bakin mijin ba. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17:11 domin sun auna maganar Bulus kansa da Nassi. Jama'armu ma suna da waya a hannu, suna dubawa. Ranar da suka kama fasto da shekarar ƙarya ko labarin da bai faru ba, za su fara shakkar sauran abin da yake faɗa, har da wanda ransu ya rataya a kai.

Saboda haka ga aikin da nake ba kowane mai karanta wannan ƙasida kafin zama na gaba. Ka ɗauki magana ɗaya da kowa ya yarda da ita a tarihin ikkilisiyarku, ko shekarar kafuwa, ko sunan mai bi na farko. Ka rubuta inda ka fara jin ta. Ka bi ta baya, daga wanda ya gaya maka zuwa wanda ya gaya masa, har inda sawun ya ƙare. Sa'an nan ka nemi majiya ɗaya da ba ta bi ta wannan hanya ba, ka ji abin da za ta ce. In akwai tsoho ko tsohuwa a garinku da ta ga farkon aikin, da ita za ka fara, cikin makon nan.